Eriya Da Babur A Kan Hanyar Kaɗaici Ta Amurka

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, ni ilmin da na samo a tafiyata ta Jihar Nevada ta ƙasar Amurka, tun a ƙofar gareji na fara tsintarsa, kafin mu taka hanya.

Mai masaukina a birnin Reno wani dattijo ne, tsohon direban tirela. Shi ya gayyace ni in raka shi da abokansa biyu zuwa garin Ely a kan babura. Nasa babur ɗin Honda Gold Wing ne, irin wanda aka fara fitarwa a 1975 domin doguwar tafiya, da kujera mai majingina da akwatunan kaya. A bayansa akwai eriya biyu tsaye kamar ƙahon gada. Ɗaya ta rediyon sauraren labarai ce, ɗayar kuwa ta rediyon CB ce, wato irin oba-oban nan da matafiya ke magana da juna.

Wannan rediyo yana da tarihi a ƙasar. A 1958 hukuma ta ware wa talakawa zangon mita 11, can gefen gajeren zango da muka saba kamawa a gida. Bai yi tashe ba sai bayan tsadar man fetur ta 1973, sa'ad da aka kafa dokar hana gudun da ya wuce mil 55 a sa'a ɗaya, direbobi suka shiga gaya wa juna inda ake samun mai da inda 'yan sanda suka laɓe. A 1977 aka ƙara tashoshinsa daga 23 zuwa 40, a 1983 kuma aka daina neman lasin. Tasha ta 9 ta neman agaji ce, ta 19 kuwa dandalin direbobin manyan motoci.

Ana gobe za mu tashi, sai na tarar da dattijon ya baje sifana da wayoyi. Na ce, "Baba, ga wayar hannu a aljihun kowa, me ya kawo wannan wahala?" Ya yi murmushi, ya ce in bari sai mun wuce Fallon in sake tambaya.

Ya bayyana mini cewa doka ba ta yarda ƙarfin muryar wannan rediyo ya wuce wat 4 ba, saboda haka duk nisan da za a ji mutum, eriya ce ke ba shi. Cikakkiyar eriyar wannan zango tsawonta ya kai ƙafa 8 da rabi, abin da babur ba zai ɗauka ba. Don haka akan ɗaura gajeruwa, mai ƙafa 3 ko 4, wadda aka naɗe ta da siririyar waya domin ta cike gurbin tsawon. Wata matsalar kuma ita ce eriya tana bukatar faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta. Mota tana da rufi, amma jikin babur yawancinsa roba ne. Shi ya sa ya kankare fenti da tsatsa daga gindin eriyar, har ƙarfe ya taɓa ƙarfen firam, ya kuma canja wayar da rana ta busar. Eriyar sauraro ba ta ba shi wuya ba, ya cire tsohuwa ya ɗaura sabuwa, tun da karɓa kawai take yi.

Daga nan ya tura babur ɗin fili, nesa da bango, ya haɗa wata 'yar mita tsakanin rediyo da eriya. Aikinta shi ne ta nuna yawan ƙarfin da ke komowa baya maimakon ya fita iska. In allura ta tsaya ƙasa da 2, lafiya lau. In ta haura 3, rediyon na iya ƙonewa. Ya gwada a tasha ta 1, ya gwada a ta 40. Allura ta fi tashi a ta 40, alamar eriya ta yi tsawo ke nan. Ya dinga rage kanta kaɗan-kaɗan yana sake gwadawa, har la'asar ta yi sanyi.

Da asuba muka kama Hanya ta 50, wadda mujallar Life ta yi wa laƙabi a 1986 da hanyar da ta fi kowace kaɗaici a Amurka. Jama'a, laƙabin nan bai yi ƙarya ba. Daga Fallon zuwa Austin kimanin mil 110 ne, ba ka ganin komai sai farin fako mai gishiri, da gajerun ciyayi masu launin toka, da tsaunuka jere-jere. Ka hau wannan ka gangara kwari, sai wani ya tare ka. Ta nan mahayan Pony Express suka riƙa sukuwa da wasiƙu a 1860. Austin kuwa garin haƙar azurfa ne tun 1862, yana maƙale a jikin dutse, yanzu mutanensa ba su taka kara sun karya ba.

Bayan mun haye tsaunin Austin mun shiga wani shimfiɗaɗɗen kwari a hanyar Eureka, sai muka lura na ƙarshenmu ba ya cikin madubi. Muka tsaya. Na zaro wayata, ko sanda ɗaya babu. Dattijo ya danna maɓalli ya kira shi. Can sai muka ji muryarsa cikin hular kwano, tana shashsheƙa amma ana fahimta: tayar baya ta yi faci, ruwan shansa kuma ya ƙare. Muka juya, muka same shi wajen mil huɗu a baya, zaune a inuwar babur, rana tana dukan kwalta.

Muna liƙe tayar dattijo ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ina tambayarka ta jiya?" Na ce na janye ta, da tsohuwar zuma ake magani.

Mun isa Ely bayan magariba. Abin da na riƙe shi ne, sayen rediyo mai tsada ba shi ne a ji ka ba. Wanda zai ratsa daji, ko a Nevada ko a wani wuri, ya duba abin da zai kai muryarsa tun yana gida. Allah ya kai matafiya lafiya, amin.