Aikin Walda A Gida, Da Inda Ya Kamata A Tsaya

Kowane malami yana da abin da ya ke yi in an tashi daga makaranta. Wani gona ya ke zuwa, wani kiwon tumaki, wani kuwa ba ya wuce gindin bishiya wurin 'yan dara. Ni nawa abin sha'awa shi ne walda da yankan ƙarfe. Ba sana'ata ba ce, ba na kuwa karɓar kuɗin kowa. Na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta kaɗan daga abin da na gane a cikinta, domin da yawa daga cikinku za a tura ku ƙauyuka inda in babur ɗinku ya karye, to, ranar nan yara sun rasa darasi ke nan.

Ni a Machina na ke koyarwa. Ga wanda bai san ta ba, tana can arewa maso yammacin Jihar Yobe, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, gari ne na duwatsu a tsakiyar ƙasar rairayi. Da zarar mutum ya sauka daga babbar hanya ya nufi ƙauye, sai yashi da gargada. Irin wannan hanya ba ta cika kashe inji ba, amma tana cin ƙarfe a hankali. Yau kariyar babur ta tsage, gobe maƙalin salansa ya ɓalle, jibi ƙafar jingine babur ta karye. Kayan gyara kuwa da manyan masu walda suna Nguru, wadda ta zama kasuwar wannan yanki tun da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso ta a 1930. Abin da ya gagara a Nguru sai Gashuwa, ko kuwa Kano ɗungum. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sau da yawa kuɗin kai ƙarfe Nguru da komo da shi ya kan fi kuɗin gyaran kansa.

Wannan ne ya sa na riƙa zuwa wurin wani dattijo mai walda a Nguru lokacin hutu, ina zama tare da yaran shagonsa, ina riƙe masa ƙarfe. Da fari ya yi mamaki, ya ce, "Malam, kai da alli ya ishe ka, me ya kawo ka cikin baƙin gawayi?" Da ya ga ban fasa ba, sai ya sake jiki ya koya mini.

Haɗa ƙarfe da ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Maƙeranmu sun daɗe suna yi: a sa ƙarfe biyu a wuta, a yi ta zuga da zugazugi har su yi fari, a ciro da awartaki, a ɗora bisa uwar maƙera, a buga da masaba har su zama ɗaya. Bambancin walda shi ne ba a ɗaukar ƙarfen a kai shi wuta, wutar a ke kawowa daidai inda ya karye, ta narkar da bakin nan da bakin nan su gauraya, in sun huce sun zama abu guda. Don haka a ke iya gyaran abu yana jikin mota.

Walda iri biyu ce a wurinmu. Ta farko ita ce ta kabaid, wadda masu gyaran bodin mota su ke yi. Kabaid wani abu ne kamar tsakuwa mai ruwan toka. In ruwa ya taɓa shi sai ya fid da wata iska mai ci da wuta, sunanta asitilin, ya bar farar ƙasa a gindin tukunya. A 1892 ne wani mai suna Thomas Willson ya dace da hanyar yin kabaid da yawa a Amurka, sa'an nan a 1903 waɗansu injiniyoyi biyu na Faransa, Fouché da Picard, suka ƙera bakin wutar da ke gauraya asitilin da iskar oksijin. Harshen wutar nan ya kan wuce digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa baƙin ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne yanka. Mai kallo zai zaci wutar ce ke narkar da ƙarfen ta raba shi biyu. Ba haka ba ne. Ana gasa wuri ɗaya ne har ya yi ja, wajen digiri 900, sa'an nan a danna wani maɓalli, zallar oksijin ta feso da ƙarfi, sai ƙarfen da kansa ya kama ci kamar itace, iskar tana hure tokar. Watau tsatsar nan da mu ke koya wa yara cewa ƙarfe da oksijin ne suka haɗu, wadda ta kan ɗauki shekaru tana cin garma, ita ce a ke yi a nan cikin ƙiftawar ido. Ban taɓa samun misalin da ya shiga kan yarana kamar wannan ba.

Ta biyu ita ce ta lantarki, ita ce kuwa na ke da ita a gida: ɗan ƙaramin inji, da injin ba da wuta tun da ta gari ba ta da tabbas, da injin yanka mai faifai, da zarton ƙarfe, da magagari. Ana maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen, ɗayar kuwa tana riƙe da tsinken walda. In an goga tsinken an ɗaga shi kaɗan, sai lantarki ya yi tsalle a tsakani, ya narkar da tsinken da ƙarfen tare. Ɓawon nan da ke jikin tsinke ba ado ba ne. Wani mutumin Suwidin, Oscar Kjellberg, shi ya fito da dabararsa a farkon ƙarni na 20. In ya ƙone, hayaƙinsa ya kan kare narkakken ƙarfe daga iska, saura kuwa ya taso bisa ya daskare kamar kashin maƙera, a ƙwanƙwase shi bayan an gama. Tsinke mai kaurin milimita 2.5, wanda masu shago ke kira lamba 12, shi ya fi dacewa da kayan babur. Mai milimita 3.2, watau lamba 10, na ƙarfe mai kauri ne kamar na amalanke.

Dokokin aikin ba su da yawa, kiyaye su ne da wuya. A kankare tsatsa da fenti da maiƙo har ƙarfe ya yi haske. In yana da kauri a fiƙe bakunan biyu don wuta ta kai ciki. A ɗiga a wuri biyu ko uku tukuna a duba ko ya miƙe, domin zafi yana jan ƙarfe ya karkace. A tafi da hannu sannu sannu. In an gama kada a kwara masa ruwa, a bar shi ya huce don kansa. A cire wayar batir kafin a taɓa abin hawa da wutar lantarki, balle motocin yanzu masu ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Da wannan ɗan sani na gyara kariyar babur ɗina da ta abokan aiki, da salansa, da hannun kurar mai ruwa, da amalanken maƙwabta, da ƙafafun kujerun aji waɗanda da an jibge su a sito. Akwai wani daɗi da mutum ke ji in ya ga abin da aka fid da rai da shi ya koma aiki, wanda ban san yadda zan kwatanta shi ba.

To, amma babban abin da na ke so in faɗa ba wannan ba ne. Dattijon nan ya fi daɗewa yana nuna mini abin da ba a yi wa walda bisa ga abin da a ke yi wa. A lokacin na ɗauka tsoro ne irin na manya. Da na koma na karanta dalili a littattafan kimiyya, sai na ga kowace magana tasa tana da tushe.

Ɗauki sifirin na mota. Ƙarfensa ba irin na ƙofa ba ne. An gasa shi ne an tsoma, an sāke gasa shi daidai gwargwado, don ya riƙa lanƙwasa yana komowa. In wutar walda ta taɓa shi, wannan hori ya lalace: wani gefe ya yi laushi, wani ya yi tauri ya zama kamar tangaran. A ido ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, amma ranar da motar ta faɗa rami da kaya, dab da ɗinkin zai ɓalle, ba kuwa zai yi sallama ba. Haka sandunan sitiyari, da kayan birki, da ƙahon gaban babur, da ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Waɗannan in sun karye ko sun tsage, maganinsu canji. Salansa in ta ɓalle a hanya, ƙara kawai za a sha. Sitiyari in ya ɓalle, sai dai a yi ta salati.

Wata rana da la'asar wani maƙwabcina, dattijo mai a-kori-kura da ke jigilar 'yan kasuwa, ya zo mini da babban ganyen sifirin ɗinsa ya rabu biyu, ga shi kuwa gobe kasuwa. Ya ce, "Malam, taimaka ka ɗan ɗiga mini, gobe kaɗai zan yi da shi." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba na taɓa shi. Mutum nawa ka ke ɗauka a bayan motar nan, ban da buhuna da awaki?" Ya ce ai ana yi a ko'ina, shi ma an sha yi masa. Na ce na sani, amma ba da hannuna ba. Ya naɗe ƙarfensa ya tafi ransa a ɓace. Kasuwar nan ta wuce shi, sai da ya je Nguru ya samo wani ganyen na hannu, ya kuwa yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ƙyar. Ban ga laifinsa ba, cinikin yini guda ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Ba zan kuma iya rantsuwa cewa da na ɗinke lalle sai ya karye a ranar ba. Abin da na sani shi ne matan da za su hau motar da goyo ba a yi shawara da su ba.

Sai tankin mai. Mutane suna tsammani in an juye fetur an ɗauraye da ruwa shi ke nan. Alhali tankin da babu kome a ciki ya fi cikakke haɗari, domin ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Kamar kashi 2 cikin 100 na tururin nan ya isa, yana kuwa ɓuya a lungunan tanki da cikin tsatsa, da ya ji zafi sai ya fito. Haka gangar da aka taɓa zuba mai a ciki, wadda a ke so a yanke a yi wa dabbobi kwami. Ni a gidana ba a kusantar da wuta ko faifan yanka ga ɗayansu.

Akwai kuma jikin mai aikin. Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ƙwayar ido kamar yadda rana ke ƙona fata, ba a kuwa ji nan take. Sai tsakar dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare wannan, sai garkuwar fuska mai gilashin da aka yi don aikin. Yara kuwa ba abin da su ke so kamar su kewaye mai walda suna kallon tartsatsi, saboda haka kafin in kunna sai na kore su, na kafa kwano ya tare hasken. Ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, sai a fili a ke aikinsa. Tulun oksijin ba a shafa wa bakinsa mai ko giris, don suna iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. Da rani kuma, ga iska ga zana ga harawa a bisa rumfa, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Bokitin yashi da na ruwa ba sa barin gefena.

Me ya sa na kawo wannan magana a mujallar masu koyon malanta? Domin yaran nan da ke tsugune a shagunan walda na Nguru da Gashuwa, ido ba kariya, ƙafa da silifa, yaranmu ne, da safe suna gabanmu a aji. Maigidansu ya iya hannu, amma sau da yawa bai san dalili ba, yaro kuwa in an ce masa "bari" ba a gaya masa dalili ba, ranar da babba ba ya nan sai ya gwada. Mu kuma mun san dalili a takarda, ba mu taɓa riƙe ƙarfe ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 an yi niyyar haɗa biyun nan, har aka sayo injuna aka rarraba wa makarantu, amma a wurare da yawa suka tsufa cikin akwatunansu don rashin wuta da rashin malamin da ya iya. Injin bai koyar da kowa ba, sai da mutum.

Saboda haka shawarata ga ɗan'uwa ita ce, in an tura ka wani gari, nemi mai sana'ar hannu ka durƙusa ka koya, walda ce ko ƙira ko gyaran babur, kada ka ce kai malami ne. Abin da ka gani a can ka kawo shi aji, abin da ka sani na littafi kuma ka kai shi shago cikin ladabi. In ka sayi injin kanka, fara da abin da in ya ɓalle ba mai jin ciwo. In kuwa aka kawo maka abin da ran mutane ke rataye a kansa, ka iya cewa a'a ko da wanda ya kawo ya girme ka, ko da za a yi fushi da kai. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu da sharrin ƙarfe, ya sa albarka a abin da mu ke koyarwa, amin.