Ɗan Gida Da Baƙo A Jami'o'in Amurka

Mai karatu, ka sha gani a littattafanmu na soyayya: Alhaji ya tura ɗansa karatu Amurka, bayan shafi biyu yaro ya dawo da digiri. Marubuciya ba ta gaya mana nawa aka biya. To ni na ga takardar biyan, domin ɗan yayata yana can, kuma wallahi sai da na gyara zama.

Jami'o'in gwamnati a can na jihohi ne, harajin mutanen jiha ke riƙe su. Saboda haka kuɗin makaranta iri biyu ne, na mazaunin jiha da na baƙo. A Jami'ar Kalifoniya, ƙarin da baƙo ke biya a shekara ya haura dala 30,000. Aji ɗaya, malami ɗaya!

Za ka ce ai mu ma jami'o'in jihohinmu haka suke yi. E, amma mu asalin kakanka ake tambaya, ka kawo takardar ƙaramar hukuma. Su kuwa ina kake zaune, kuma ka yi niyyar dawwama? Yawancin jihohi wata 12 suke nema, ita Jami'ar Kalifoniya kwana 366. Niyya kuma ba da fatar baki ba: lasin tuƙi na jihar, takardar haraji, ta hayar gida. Idan ba ka kai shekara 24 ba, galibi mazaunin iyayenka za a duba.

Ga inda ta kama yaronmu. Da bizar ɗalibi ya shiga, wadda suke kira F-1, kuma sharaɗinta shi ne za ka koma gida. Wanda ya yi alkawarin tafiya, yaya zai ce ya zo zama? Ko shekara huɗu ya yi, baƙo ne. Abokinsa mai katin zama na dindindin, shekara ɗaya ya jira aka rage masa.

Kalifoniya ta yi doka a 2001: wanda ya yi shekara uku a sakandarenta ya gama, zai biya kuɗin ɗan gida ko da ba shi da takardun zama. Teksas ta yi irinta a shekarar, kotu ta soke a Yunin 2025.

Yayata dai filinta ta sayar. Saura zango biyu yaron ya gama, kuma har yanzu ba mu haɗa na ƙarshen ba.