Landau a Cikin Gafaka

Har yau nakan yi mamakin yaron nan, ɗan baduku daga Zariya, wanda bai san ƙanƙara ba sai wadda ke zubowa da ruwan bazara, yadda aka yi ya ɗauki wani mutumin Baku da ya daɗe a kabari ya mai da shi gwaninsa. Ina ɗan ashirin da 'yan kai gurbin karatu ya kai ni Kharkov, a ƙarshen shekarun 1970, da adakar kwano, da ƙullin daddawa da kuka da Inna ta cusa can ƙasan kaya, da gafakar da Baba ya ɗinka mini da hannunsa, wadda har ta tsufa ba ta daina ƙanshin bagaruwa ba. Don Alƙur'ani ya yi ta. Alƙur'anin ya samu wuri a saman kanta, a naɗe cikin farin ƙyalle, ita kuwa gafaka ta koma ɗaukar Landau.

Littafin siriri ne, bangonsa mai tauri, takardarsa ta yi ja-ja-ja, tana warin gam da ƙura. Shi ne juzu'i na farko cikin goma na darussan fiziks da Lev Landau da almajirinsa Yevgeny Lifshitz suka faro. Mu da muka taso da haddar dokokin Newton guda uku, sai ga littafi ya buɗe da wata magana dabam: cikin duk hanyoyin da abu zai iya bi daga nan zuwa can, akwai wani adadi da ake lissafa wa kowace hanya, kuma wadda adadinta ya fi ƙanƙanta ita abin yake bi. Daga wannan ƙa'ida guda sauran suke ɓullowa, shafi bayan shafi, ba hira, ba lallashi. Nakan raba dare a kan layi biyu, bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa shi kaɗai, warin miyar kabeji yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, shayi yana hucewa a tambulan mai mariƙin ƙarfe, ni kuwa ina cizon fensir har ɗanɗanon itace ya cika mini baki. Daɗin wahalar nake ji.

Abokin ɗakina, ɗan ƙasar, ba ya cewa Landau. Dau yake cewa, yadda almajiransa suke kiransa. A bakinsa na haddace labarin: an haife shi a 1908, ubansa injiniyan man fetur, uwarsa likita, ya shiga jami'a yana ɗan shekara 14, ya ƙarasa a Leningrad, a 1929 ya fita Turai, ya zauna a gaban Niels Bohr a Copenhagen, kuma har ya mutu Bohr kaɗai yake kira malaminsa. A 1932, yana da shekara 24, ya zo wannan garin da nake rawar sanyi a cikinsa, ya shugabanci sashen nazari na cibiyar binciken fiziks. Ranar Lahadi nakan taka har titin Chaikovsky, dusar ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, in tsaya daga nesa ina kallon ginin, ina ƙoƙarin cankar tagarsa. An ce a ƙofar ofishinsa akwai takarda da ke gargaɗin mai shiga ya yi hattara, mai ɗakin yana cizo. Wayyo, yadda na so takardar nan!

Yana da wata jarrabawa tasa ta kansa, wadda ya ce ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata mai nazari ya sani. Ba ya tambayar ɗan wane ne kai ko wace takardar shaida kake riƙe da ita. Ka zo, ya ba ka lissafi, ya bar ka da farar takarda. Daga 1934 zuwa 1961 mutum 43 kacal suka haye. Wata rana a barandar jami'a aka taɓa ni aka nuna mini wani dattijo yana wucewa, aka ce wancan Akhiezer ne, yana cikin na farko-farkon da suka haye. Na tsaya ƙiƙam kamar almajirin da aka nuna wa malamin malaminsa.

Sai kuma tsaninsa. Dau ya jera masana fiziks hawa-hawa: Newton a can ƙololuwa, Einstein a rabin mataki, su Bohr da Heisenberg da Dirac a mataki na ɗaya, shi kuwa ya ajiye kansa a biyu da rabi, sai daga baya ya ƙara wa kansa girma zuwa biyu. Ni ma na zana nawa tsanin a cikin bangon littafin, da jar tawada, na jera 'yan ajinmu kaf. Yana nan har gobe. Nakan buɗe in ga inda yaron nan ya ɗora sunansa, in yi dariya har hawaye.

Akwai wani ɓangare na labarin da a wancan zamanin ba a faɗa sai an ƙara murya a rediyo. A watan Afrilun 1938 aka zo aka tafi da shi a Mosko, shekara guda bayan ya koma cibiyar Pyotr Kapitsa. Sai can a farkon shekarun 1990 na karanta cewa kan wata takarda ce mai sukar mulkin Stalin. Ranar da aka kama shi, Kapitsa ya zauna ya rubuta wa Stalin wasiƙa. Da shekara ta zagayo ya sake rubuta wa Molotov, na hannun daman Stalin, ya ce ya gano wani abin mamaki a ɗakin gwajinsa, kuma ba mai warware shi sai wanda ke tsare. Aka sako Dau a 1939, Kapitsa ya sa hannu ya tsaya masa da wuyansa. Abin mamakin kuwa hiliyom ne: in aka sanyaya shi ya kai wajen digiri 271 ƙasa da sifiri, sai ya zama ruwan da ba abin da ke riƙe shi, ya zurare ta kafar da ido ba ya gani, ya hau bangon kofi ya sauko ta waje. A 1941 Dau ya fito da lissafin da ya bayyana dalili. Lokacin da nake yaro, lissafin ne ya tafi da hankalina. Wasiƙar na ji ta, na wuce.

Haka ma hatsarin. Ranar 7 ga Janairun 1962, a hanyar Dubna, motarsu ta sulɓe a kan ƙanƙara ta haɗu da babbar mota. Ya yi makonni bai san inda kansa yake ba. Mutanen nan da ya sha cizo, waɗanda ya kora daga gaban allo, su ne suka raba kwana a asibiti, wani yana gadin tarho, wani yana jigilar likitoci, wani yana jiran magani daga ƙasashen waje a filin jirgi. A ƙarshen shekarar jakadan Suwidin ya kai masa kyautar Nobel har asibiti. Ya tashi, amma bai sake komawa nazari ba, ya rasu ranar 1 ga Afrilun 1968 yana da shekara 60.

Na dawo gida na yi ta koyar da yara har furfura ta cika kai, ƙurar alli ta zauna mini a maƙogwaro. Juzu'i na uku ya kayar da ni, ban kuwa ji haushinsa ba. Abin da nake juyawa a rai yanzu shi ne, duk tsawon tsanin Dau babu matakin da aka tanadar wa mai tsaya wa wani, alhali ba don mai tsayawar ba da shekarar 1941 ta zo ta wuce babu shi. Duk sanda wani tsohon ɗalibina ya zo neman in sa masa hannu, nakan laluba aljihu in nemo biro tun bai gama bayani ba.