Abin Da Na Gani A Hanyar Bilma

Wanda bai taɓa ratsa hamadar Tenere ba, ba zai san darajar batir ba. Daga Agadas zuwa Bilma tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ba kwalta, ba gareji.

Direbanmu batir biyu gare shi, kowanne bolt 12. Na farko don tayar da inji ne kurum. Na biyu shi ke ɗauke da fitilar zango da wayar tauraron ɗan'adam. Muddin mota na tafiya, altaneto yana cika su duka. Da an kashe inji, sai wata 'yar na'ura ta raba su, don kada fitila ta shanye na farko cikin dare.

Mun yini a inda Bishiyar Tenere take dā, wadda wata babbar mota ta kaɓe a 1973, aka kafa ta ƙarfe a madadinta. Nan direba ya shimfiɗa farantin sola, ranar da ke gasa mu ta shiga cika batir na biyu, ba a ƙona ko ɗigon mai ba.

Na tambaye shi dalilin wannan ɗawainiya duka. Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai ba a tura mota cikin rairayi."