Ziyara a Falermo, fadar Normawa a tsibirin Sisiliya

Tsibirin Sisiliya yana tsakiyar Bahar Rum. A yau yanki ne na ƙasar Italiya, amma tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai wuce kimanin kilomita 150 ba. Malaman da sun san shi da sunan Sikilliyya, babban birninsa Falermo kuwa Balarm suke ce masa. Ɗaliban fiƙihun Malikiyya za su tuna da Asad bn Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya ɗauki karatu wurin Imamu Malik. To, shi ne ya jagoranci rundunar da ta sauka a tsibirin a shekarar 827, ya kuma rasu a can shekara guda bayan haka, Allah ya jiƙansa. Falermo ta shiga hannun Musulmi a 831, kuma sa'ad da matafiyi Ibn Hauƙal ya iso ta a 973, ya ce masallatanta sun kai ɗari uku.

Kwana huɗu muka yi a birnin, da ƙafa muka zaga mafi yawansa. Sunayen unguwanni ne suka fara ja mana hankali. Unguwar Kalsa daga Alkhalisa ta samo suna, tsohon titin da ya ratsa tsakiyar gari kuma har yanzu Kassaro ake ce masa, wato Alƙasru. Wannan titin ne ya kai mu babbar majami'ar birnin, wadda aka gina a filin da masallacin Juma'a yake a da. A jikin wani ginshiƙi na shirayin ƙofarta akwai aya ta 54 ta Suratul A'araf a sassaƙe cikin dutse. Masu yawon buɗe ido suna wucewa ta gefenta ba su ko ɗaga kai. Mu dai mun daɗe a tsaye.

Su wane ne suka karɓe wannan birni? Normawa jikokin maharan teku ne daga can arewacin Turai, ma'anar sunansu ma ita ce mutanen arewa. A 911 sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa a kewayen Rouen domin ya huta da farmakinsu, ita ce Normandi. Suka karɓi Kiristanci, suka ɗauki harshen Faransanci. Ƴaƴanmu da ke lakwal sun fi sanin Giyom, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Waɗanda suka zo Sisiliya kuwa daga wani gida ne daban, gidan wani ƙaramin mai gari da ake kira Tankared na Hauteville, mai ƴaƴa maza goma sha biyu da gadon da ba zai ishe su ba. Sai suka yi ta kwararowa kudancin Italiya suna yaƙin haya, har Robert Giskar da ƙanensa Roje suka zama masu ƙasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A lokacin tsibirin ya rarrabu tsakanin sarakunan Musulmi masu gaba da juna, kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Sumna, shi ya kira Normawa su taimake shi a kan abokin gabarsa Ibn Hawwas. Suka ƙetaro suka kama Messina a 1061, Falermo a 1072, gari na ƙarshe kuma, Noto, a 1091.

Ɗan wancan Roje, wato Roje na Biyu, wanda Larabawa ke kira Rujar, shi aka naɗa sarki a Falermo a 1130. Fadarsa tana nan a ƙarshen Kassaro, kuma a cikinta akwai ƙaramar majami'ar da duk wanda ya je birnin ba ya dawowa bai gani ba. Bangayenta zanen Girkawa ne na ƙananan duwatsu da ruwan zinariya. Rufin kuwa na katako ne, an sassaƙa shi rami-rami kamar saƙar zuma da aka kifa, irin aikin fadojin Misira da Magrib, an zana makaɗa da mahaya da zakuna, an kewaye da rubutun Kufi. A bakin ƙofa akwai allon dutse na shekarar 1142 mai ba da labarin wani agogo da sarki ya sa aka ƙera, da harsuna uku: Latin, Girkanci da Larabci. Kuɗin zinariyar Roje da Larabci aka buga su, ma'aikatar kuɗinsa diwani ake ce mata, alkyabbarsa ma, wadda take ajiye a birnin Biyana, tana ɗauke da shekarar Hijira ta 528 a bakin lafinta. Amma a dubi abin da aka ɗinka a bayanta: bishiyar dabino a tsakiya, kowane gefe zaki ya danne raƙumi. Mai ɗinkin ya san waye zakin, ya kuma san waye raƙumin.

A wannan fada ce Sharif Idrisi, haifaffen Sabta, ya yi shekara kusan goma sha biyar yana tattara labarin ƙasashe daga bakin fatake da matuƙan jiragen ruwa, har ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154, shekarar da Roje ya mutu. Ya raba duniya kashi saba'in, ya sa kudu a sama. A nan ne labarin ya taɓo mu, domin ya ambaci Gana da Takrur da Kaukau, wato Gao, da Kanem, ya kuma yi bayanin garuruwan Kawar da alif ɗin da fatake ke ɗebowa daga can su kai arewa. Bai taɓa zuwa ƙasashenmu ba, shi ya sa ya ɗauka babban kogin Sudan yamma yake gangarawa. Duk da haka, abin mamaki ne a ce shekara ɗari takwas da ɗoriya da suka wuce wani sarki mai asali daga Normandi yana jin labarin yankin Bilma a zaurensa.

Masu yi wa baƙi jagora a Falermo ba su gajiya da cewa zamanin Normawa zamani ne na zaman lafiya tsakanin addinai, kuma da wannan suna hukumar UNESCO ta sa gine-ginen cikin kayan tarihin duniya a 2015. A ganinmu rabin magana ke nan. Sauran rabin yana wurin Ibn Jubair Ba'andaluse, wanda jirginsu ya tarwatse a gaɓar Messina a ƙarshen 1184 yana dawowa daga aikin Hajji. Ya yi adalci, ya faɗi cewa sarki Giyom na Biyu ne ya biya wa talakawan alhazai kuɗin fito, cewa sarkin yana karatu da rubutu da Larabci, kuma Musulmin Falermo suna da masallatansu da kasuwanninsu da alƙalinsu. Ya ga matan Kirista ranar bikinsu sun yi lulluɓi da lalle irin na Musulmi. Amma ya tarar an hana huɗubar Juma'a, ya tarar barorin fada suna ɓoye sallarsu. Abin da ya fi sosa masa rai ya shafi cikin gida: in uba ya tsawata wa ɗansa, ko miji ya saɓa da matarsa, wanda ya yi fushi sai ya ruga majami'a a yi masa baftisma, daga nan babu mai iko da shi. Saboda haka iyaye suka koma lallashin ƴaƴansu don tsoro. A garin Tarafani har wani dattijo ya miƙa ƴarsa budurwa ga ɗaya daga cikin alhazan, ya aure ta ko ya aurar da ita a ƙasar Musulmi, don dai ta tsira da addininta. Yarinyar kuma ta yarda ta rabu da iyayenta a kan haka.

Da wannan labari a zuciya muka hau tudun Monreale, inda Giyom na Biyu ya fara gina majami'arsa a 1174. Kyawun ginin ba ya misaltuwa, sai dai da me aka ciyar da shi? Sarki ya mallaka masa filaye masu faɗi a yammacin tsibirin tare da manoman da ke kansu, akasarinsu Musulmi, an jera sunayensu cikin takardun diwani kamar yadda ake lissafin garke. Tun a 1161 an yi wa Musulmin Falermo kisan gilla a wani tawaye, aka sake yi a 1189 bayan mutuwar Giyom, suka gudu kan duwatsu.

Sarautar Normawa ta ƙare a 1194, da sarkin Jamus Henri na Shida ya karɓe tsibirin. Ɗansa Firedirik na Biyu, jikan Roje ta wajen uwa, wanda shi ma ya iya Larabci, shi ne ya yaƙi Musulmin duwatsu, ya kwashe dubbansu tun daga shekarun 1220 zuwa 1246 ya kai su garin Lucera a kudancin Italiya. A 1300 Sharl na Biyu na gidan Anju ya watsa garin, aka sayar da mafi yawan mutanensa bayi.

Ranar Juma'a muka ratsa kasuwar Ballaro, inda ake jin harsunan Afirka ta Yamma a tsakanin rumfunan kifi da lemo, muka nemi masallaci. Wanda aka nuna mana tsohuwar majami'a ce da aka mayar masallaci a 1990. Masu cika sahunsa baƙi ne da ƴaƴan baƙi, ƴan Tunisiya da Maroko da Bangaladesh, da samarin ƙasashenmu da suka ƙetaro teku daga Libiya.