Mashigin Messina: Inda Ake Kama Kifin Takobi Da Mashi, A Gasa Shi Cikin Minti Takwas

Jirgin ƙasan da ya taso daga Roma zuwa tsibirin Sisili, da zarar ya iso garin Villa San Giovanni a ƙarshen kudancin Italiya, ƙasa ta ƙare masa, kuma babu gada. Sai a rarraba taragunsa, a tura su cikin wani ƙaton jirgin ruwa, a tsallaka da su zuwa birnin Messina. Wannan ruwan da ake tsallakawa shi ne mashigin Messina, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa bai wuce kilomita 3 da 'yan kai ba. Igiyar ruwansa tana juya akala kusan duk bayan awa shida, ta yi arewa, ta dawo kudu, tana taso da abincin kifi daga ƙasan teku.

Matafiyin da ya tsallaka tsakanin watan Mayu da Agusta zai iya hango wani irin jirgin masunta da babu kamarsa. A tsakiyarsa akwai hasumiyar ƙarfe da tsayinta ya haura mita 20, a gabansa kuma wata siririyar gada ta miƙe a kan ruwa, ta fi jirgin kansa tsawo. Sunan jirgin feluca. Matuƙi da mai hange suna can ƙololuwar hasumiya, rana na dukansu tun safe, idonsu a kan ruwa. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma, to a nan masunci ne ke rigan kifi gani. Da an hango inuwarsa, sai jirgi ya bi shi a guje, mutum ɗaya ya ruga ƙarshen gadar da mashi a hannu. Tsawon gadar ne ke sa mai mashi ya isa kan kifin kafin ƙarar inji ta firgita shi.

Abin da suke bi shi ne kifin takobi. Mutanen wurin suna ce masa pesce spada, a manyan shagunanmu kuma za a ga an rubuta Swordfish a jikin ledarsa. Bakinsa na sama ne ya miƙe kamar takobi, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa, da shi yake saran ƙananan kifaye kafin ya haɗiye su. Idan ya girma ba shi da haƙori, ba shi da ɓawo. Mata sun fi maza girma, kuma manyansu a cikin teku kan haura kilo 400, ko da yake na Bahar Rum ba su cika kai haka ba. Lokacin zafi ne suke haye, suna tasowa saman ruwa, sau da yawa biyu-biyu. Masuntan suna cewa idan aka fara soke macen, namijin ba ya gudu, sai ya yi ta kewaya wurin har shi ma a same shi.

Sana'ar ta tsufa. Masanin tarihin nan na Girka, Polybius, ya bayyana yadda ake sukar wannan kifi a gaɓar Scilla fiye da shekara 2,000 da suka wuce, mai hange yana tsaye a kan tudu, masu kwale-kwale suna jiran ishararsa. Scilla, wanda ake furtawa Shilla, yana nan har yau a ɓangaren Kalabriya. Unguwar masuntansa, Chianalea, gidajenta a bakin ruwa suke, har ana jan kwale-kwale a ajiye shi a lungun da ke tsakanin gida da gida. Gaba kaɗan akwai Bagnara, garin da aka san matansa da ɗaukar kifi a ka zuwa talla. A tsallake, ɓangaren Sisili, akwai ƙauyukan Ganzirri da Torre Faro. An raba gaɓar ruwan yanki-yanki, ana yin ƙuri'a a kan wurin da kowane jirgi zai yi farauta, don kada a yi rigima. Idan kuma aka ɗora kifi a jirgi, bisa al'adar kaka da kakanni, wani daga cikin masuntan kan ja masa zane da farce a kumatu, sannan a lulluɓe shi daga rana.

Mashi kifi ɗaya yake kamawa, kuma mai mashi yana ganin girmansa kafin ya jefa. Ba haka manyan jirage masu dogayen ƙugiyoyi da raga suke ba, su ƙanana da manya duk kwashewa suke yi. Kifin ya yi ƙaranci a Bahar Rum, Tarayyar Turai kuma ta haramta ragar da ake saki tana bin ruwa daga shekarar 2002. A 2016 hukumar ICCAT, mai kula da kamun tuna da ire-irensa, ta tsara shirin farfaɗo da shi na shekara 15, ta ƙayyade tan 10,500 a shekarar 2017, ta kuma hana kama wanda bai kai santimita 100 ba, ban da tsawon takobin.

A kasuwannin wurin, mai kifi kan kafa kan kifin a kan tebur, takobin yana kallon sama, sannan ya riƙa yanka jikin fala-fala. Naman ba shi da ƙananan ƙayoyi, yana da tsoka kamar naman maraƙi, launinsa fari ne mai ɗan ja-ja. Abin da zai ba uwargida mamaki shi ne ƙarancin kayan haɗin da ake sa masa. Miyar da aka fi ci da gasasshensa sunanta salmoriglio: man zaitun, ruwan lemun tsami, tafarnuwa, gishiri da busasshen ganyen origano, a kaɗa su da ɗan ruwan ɗumi. Ba a ɗora ta a wuta. Wata dahuwar kuma, wadda Messina ta yi suna da ita, ana kiranta ghiotta, miyar tumatir ce da albasa da 'ya'yan zaitun, a saka kifin a ƙarshe-ƙarshe ya ɗan nuna a ciki. Akwai kuma masu yanka shi siriri, su naɗe garin burodi da cuku a ciki, su tsire shi kamar tsire, su gasa.

Duk waɗannan dahuwar sirrinsu ɗaya ne, wato kada wuta ta daɗe a kansa. Mun saba soya kifi ya bushe ƙayau, ko mu bar shi a miya ya yi ta tafasa. Idan aka yi wa kifin takobi haka, sai ya koma kamar katako, kuɗi sun tafi a banza.

Ga wadda ta same shi a shago, galibi daskararre ne. Ki duba jan da ke jikin yankan: idan ja ne mai haske, kifin yana da kyau, idan ya koma ruwan ƙasa ko yana ƙarni mai ƙarfi, ki bar shi. Ki saya a wurin da kika tabbatar firizarsu ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta. Ki bar shi ya narke a firiji cikin dare, kada ki ajiye shi a rana, kuma wanda ya narke kada a mayar da shi ya sake daskarewa. Yankan da kaurinsa ya kai santimita 2 zuwa 2 da rabi ya fi daɗin gashi. Ki goge shi da tsabtataccen ƙyalle ya bushe, ki shafa masa mai da gishiri da ɗan masoro. Idan za ki jiƙa shi a ruwan lemun tsami, kada ya wuce minti 15, domin tsamin na sa naman ya dagargaje. Ki bari gawayi ya zama garwashi, ko kasko ya yi zafi sosai, sannan ki ɗora. Minti 3 zuwa 4 a kowane gefe, juyi ɗaya tak. Idan tsakiyarsa ta yi fari amma da sauran laima, ya nuna. Mai na'urar auna zafin abinci ta nemi digiri 63 a ma'aunin Salshiyas. Ki sauke, ki zuba miyar lemun tsamin a kai tun yana da zafi. In babu origano, tayim ko ɗoɗɗoya sun wadatar, mai son yaji kuma ta jajjaga attaruhu ɗaya a ciki.

Sai dai kafin a kai shi gaban iyali, akwai maganar da ta fi girkin muhimmanci. Kifin takobi yana daɗewa a duniya, yana cin kifayen da su ma suka ci waɗanda ba su kai su ba. Ta haka sinadarin zaiba, wanda likitoci ke kira makuri, yake taruwa a tsokarsa fiye da yawancin kifaye. Wanki ba ya fitar da shi, gashi ko suya ba sa rage shi. Zaiba tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, tana kuma iya cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yaron da ke kan girma. Saboda haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin kifayen da masu juna biyu, masu shayarwa da ƙananan yara za su kauce wa. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta haɗa da mata masu neman ɗaukar ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 16, sauran manya kuma ta ce kada su wuce yanka ɗaya a mako.

Wannan ba dalilin hana mai ciki cin kifi ba ne, domin jikinta da na jaririnta suna buƙatarsa. Shawarar hukumar ta Amurka ita ce ta ci kifi mai ƙarancin zaiba sau 2 zuwa 3 a mako, kowane ci kamar faɗin tafin hannunta. Sadin, titus, karfasa da tarwaɗa duk suna cikin wannan rukunin, kuma ga su a kasuwanninmu da sauƙin kuɗi. Miyar lemun tsamin nan ta Messina tana karɓar gasasshen titus ƙwarai. Ranar da maigida ya shigo da kifin takobi, uwargida sai ta ɗora waya biyu a kan garwashi, ɗaya ta manya, ɗaya ta yara da mai juna biyu, miya ɗaya ta ishi kowa.

Masu mashin Scilla da Ganzirri suna da watanninsu, idan Agusta ya wuce sai su ɗaure jiragensu, su jira wata shekarar. A gida ma haka ya dace a ɗauki wannan kifi: abincin marmari ne na lokaci-lokaci, kuma na manya.