Dabbar hamadar nan ba damonmu ba ce

1/ Duk sanda hoton nan ya zagayo, na ƙadangaren da Larabawa ke tonowa a hamada mai jela kamar zarto, sai na ga an rubuta "damo". Ni ɗan Ƙanƙara ne, ilimin dabbobi nake karantawa a jami'a, kuma wallahi wannan ba damonmu ba ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Na hoton, Larabawa "dabbu" suke ce masa, a kimiyya Uromastyx. Kansa gajere ne kamar na kunkuru, jelarsa zobe-zobe ce ta ƙaya. Ganye da fure da tsaba yake ci. Dangin jan gwadan da ke kan katangarku ne.

3/ Yana buƙatar duwatsun sahara. Mafi kusa da mu shi ne na tsaunukan Air, wajen Agadas a Nijar. Yankinmu kuwa, Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Sabuwa, ƙasar dawa da masara ce. Ba ya rayuwa a nan.

4/ Namu damon, Varanus exanthematicus, toka-toka ne, mai kauri, da wuya ya wuce mita 1. Harshensa dogo ne mai baki biyu kamar na maciji, jelarsa babu ƙaya. Da rani yana lafewa a rami ko suri, sai damina ta faɗi ya fito. Ba banza aka ce masa sarkin haƙuri ba.

5/ Abincinsa fa? Gyare, fara, dodon koɗi, har kunama. Ganye ba ya cikin lissafinsa. Manomin da ya gan shi a gona ya ga ɗan ƙwadago ne kyauta.

6/ Sai guza, wansa na bakin ruwa. Ya fi tsawo, yana kai mita 2, baƙi-baƙi da ɗige-ɗigen rawaya, jelarsa a shafe saboda iyo. Shi ne ɓarawon ƙwai da 'yan tsaki a fadama, amma sau da yawa damo ake jibga a kan laifinsa.

7/ Me ya sa na damu? A Buhari da Muslim akwai labarin da Khalid bin Walid ya ci dabbu a gaban Annabi (SAW), shi bai ci ba, bai kuma hana ba. A karatu da Hausa akan ce damo. Amma irin damonmu da guza, "waral" ne sunansu da Larabci. Kama da wane ba ta wane.

8/ Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Nawa kawai shi ne a kai musu dabbar da sunanta na gaskiya.

9/ Abin da ya fi ci mini rai: kakana ko sawu ya gani a yashi zai gaya maka damo ne ko guza. Ƙannena ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, don rashin tsaro ya raba mu da daji. Sunayen na nan a bakinmu, dabbobin sun fara ɓace mana.

10/ In kun ci karo da ɗaya a gona ko bayan gari, ku duba abu 3: harshe, jela, da ko akwai ruwa kusa. Ku ɗauki hoto daga nesa, bulalar jelarsu ba wasa ba ce. Kar wanda ya shiga daji don hoto, don Allah. Ku tambayi tsohon gidanku sunansa, ku turo mini a nan. 'Yan Faskari da Sabuwa, ina jiranku.